Zirnako a Cikin Kumbon Tokuji

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka cire layin dogon da ya ratsa kwarin Karasawa, aka malala kwalta a gurbinsa ya zama hanyar keke. Tokuji Onodera mai walda shi ya ƙera siffofin rana da duniyoyin da ke kewaya ta, aka jera su a gefen hanyar. Rana tana tsohuwar tasha, ƙatuwar ƙwallon ƙarfe ce da ta fi mutum tsawo. Daga nan kowace duniya tana kan turkenta, a nisan da malamin kimiyya na makarantar garin ya auna. Tamu ba ta fi ɗan inabi ba, kuma daga tasha ana hango ta. Mushtari kamar kankana. Neftun kuwa sai an yi kusan kilomita takwas ana tuƙi kafin a iske ta ita kaɗai a bakin gada, girmanta na tuffa.

A can ƙarshe, inda hanyar ta shige tsakanin duwatsu biyu ta ƙare, Tokuji ya kafa kumbo, irin wanda ake harbawa sararin samaniya. Wannan ba wanda ya sa shi. Wata biyar ya yi yana haɗa shi a garejinsa da ragowar ƙarafa, ya yi masa ƙafafu uku da dogayen hannaye biyu da faffaɗan faifai a ka, cikinsa kuma akwati ne mai 'yar ƙofa. Ya kai ƙaramar mota girma. Kowace kaka, kafin dusar ƙanƙara ta sauko, sai ya je ya shafa masa mai ya lulluɓe shi da tamfol.

A bana ƙanwarsa Sumie ce ta raka shi. Shekararta sittin da biyu, shi saba'in. Tana da shagon taliya kusa da tasha, ranar Laraba take rufewa. Ba son keke take yi ba, amma 'yarsa Chiharu da ke aiki a Sendai ta bugo mata waya sau biyu tana roƙon kada a bar shi ya tafi shi kaɗai. Shekara takwas da suka wuce zirnako ya harbe shi a gonar wani, ya kwana biyu a asibiti. Likita ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa jininsa ba ya ɗaukar dafin, harbi na gaba zai iya toshe masa maƙogwaro. Tun daga ranar yake yawo da allurar gaggawa a jakarsa.

Sun bar tasha da hantsi. Shi yana gaba, yana jan ƙaramin amalanke a bayan kekensa, da tsani da tamfol a ciki. An riga an girbe shinkafa, gonaki sun zama kututture, iska tana da sanyi amma rana ta fito sosai. Duk duniyar da suka iso sai ya tsaya ya goge ta da tsumma. A wajen Zuhal ya daɗe yana bin zobenta da yatsa yana neman tsatsa.

"Yaya," in ji Sumie, "da kana goge ɗakin girkinka yadda kake goge wannan abar, da ban ji kunyar kai baƙo gidanka ba."

"Zuhal ba ta taɓa mayar mini da magana ba," in ji shi. Ya kalli kanta, ya ce ita da take shafa wa gashinta baƙin rini duk wata ai ba ta da bakin yi wa mai fenti dariya.

Bayan Zuhal gidaje suka ƙare. Hanya ta yi shiru, sai itatuwa da ƙarar tayoyinsu a kan busassun ganye. Ba su haɗu da kowa ba. A bakin gada suka zagaye turken ƙarfen da ke tsakiyar hanya don hana motoci shiga, suka wuce Neftun, suka shiga tsakanin duwatsun. Sha ɗaya ta ɗan gota suka isa kumbo.

Tokuji ya rataye jakarsa a ɗaya daga cikin hannayen kumbon, ya kafa tsani. Sumie ta koma gefe tana warware tamfol. Tana cikin haka wani abu ya wuce ta gefen kunnenta da ƙugi mai kauri. Ta ɗaga kai. Zirnako ne, irin mai ruwan ɗorawa, tsawonsa ya kusa babban yatsanta. Ya zagaya sau ɗaya, ya je ya sauka a gefen ƙofar akwatin, ya shige ta wata 'yar kafa. Kafin ta ƙifta ido wasu biyu suka fito ta kafar. Ɗaya ya tsaya cak a iska daidai ƙeyar yayanta, ta ji yana haɗa haƙoransa, ƙas, ƙas, ƙas. Duk wanda ya tashi a kwarin ya san wannan ƙarar. Gargaɗi ne, kuma ba sa maimaita shi da yawa.

Ta kira shi a hankali, don ta san ba a ɗaga murya. Bai ji ba. Shekara hamsin na buga ƙarfe sun cinye masa kunnen hagu. Sakatar ƙofar ta cije, ta ga ya zaro sifana daga aljihu ya ɗaga.

"Yaya, bari."

Ya buga. Akwatin ya yi ƙara kamar ganga, ƙofar ta wangale.

Abin da Sumie ta gani a ciki ba ta manta da shi ba. Sheƙa ce ta cike akwatin daga sama har ƙasa, mai zane-zane kamar ɓawon itace, gefenta ya yage ya biyo ƙofar. Sai iska ta cika da zirnako. Tokuji ya diro daga tsani ya faɗi da gwiwa, ya tashi, ta kama rigarsa. Duk abin da aka koya musu tun suna yara, a sunkuya, a ja da baya a hankali, kada a kaɗa hannu, ba wanda ya tuna. Gudu suka yi irin na tsofaffi, suna tuntuɓe, suka bar kekuna da komai. Ta ji an soka mata wani abu a bayan hannu kamar ƙusa da aka ciro daga wuta. Ba su tsaya ba sai da suka sha kwana, kumbon ya ɓace musu.

Tokuji ya zauna a bakin kwalta yana haki. Ta duba shi: biyu a wuya, ɗaya a tsakar ka, ɗaya a damtse. Ya yi 'yar dariya ya ce ba komai, na wancan karon ya fi zafi. Ya ce a bari su lafa, sannan a koma a ɗauko kekuna. Ta ce ya miƙo allurar. Ya shafa kafaɗarsa inda igiyar jaka take zama. Suka kalli juna.

Ta ciro wayarta. Babu sabis, ko layi ɗaya. Duwatsun nan biyu sun tare.

Ya ce ƙila ma ba za a buƙaci allurar ba, shekara takwas ai da yawa. Yana faɗa yana sosa tafin hannunsa. Ba a yi minti uku ba ta ga borin jini ya feso masa daga wuya zuwa ƙirji, ja jawur. Leɓensa na ƙasa ya yi nauyi. Da ya sake magana sai muryar ta fito siririya, ba tasa ba.

"Kada ki koma can," in ji shi.

"To in zauna in kalle ka?"

Ta sa shi ya kwanta, ta tura hularsa ƙarƙashin kansa. Ta cire baƙar rigar sanyinta ta jefar, don baƙin abu zirnako ke bi. Ta ciki fara ce. Ta kwance tawul ɗin da ke wuyanta ta naɗe kanta da shi, ta rufe gashin da kunnuwa, ta bar ido kawai. Hannunta na dama ya riga ya kumbura, yatsun ba sa lanƙwasuwa sosai.

Da ta sha kwanar sai ta ja ta tsaya. Tana jin ƙugin tun kafin ta gan su. Sun yi hadari a kan kumbon, wasu sun rufe tsanin, wasu suna kai da komowa a kan kekunan da ke kwance. Jakar tana nan tana lilo a hannun kumbon, taku biyu daga buɗaɗɗiyar ƙofar. Sumie mace ce da ko gizo-gizo ta gani a shago sai ta kira maƙwabci. Wani abu yana ce mata ta juya, ta ce masa ta gwada ba ta iya ba, ba mai ganin laifinta. Sai ta ji tarinsa daga bayan kwanar, busasshen tari mai fito a ƙarshensa.

Ta durƙusa ta fara rarrafe.

Kwaltar tana da tsakuwa, tana cin gwiwarta. Ta sa ido a kan ƙasa, ba ta ɗaga kai ba. Ɗaya ya sauka a bayanta, ta ji nauyinsa ta cikin riga yana tafiya zuwa kafaɗa. Ba ta motsa ba. Ya tashi. Wani ya zo ya tsaya a gaban fuskarta, kusa har ta ga idanunsa da bakinsa yana buɗewa yana rufewa, ƙas, ƙas. Ta runtse ido ta daina numfashi. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Da ta buɗe ya tafi. Ta ci gaba, ta wuce tamfol, ta wuce kekenta, ta iso ƙarƙashin ƙafar kumbon. A nan ƙarar ta cika mata kai, ƙarfen kansa yana rawa da ita. Akwai wani wari kuma, mai zaƙi-zaƙi kamar 'ya'yan itace da suka ruɓe.

Jakar ta fi ƙarfin mai rarrafe. Dole ta miƙe.

Ta miƙe a hankali, kamar mai ɗauke da ruwa a faranti. Ta kai hannun hagu ta kama gindin jakar ta ɗaga. Igiyar ta maƙale a kan wani noti. Ta ja, ba ta fita ba, hannun kumbon ya girgiza. Nan take aka harbe ta a wuya, inda tawul ya zame, aka ƙara a kafaɗa. Ta ciji tawul ɗin don kada ta yi ihu. Ta bar igiyar, ta zuge zip, ta cusa hannu ciki. Dunƙulen shinkafa, fulas, tsumma, tabarau. A can ƙasa yatsunta suka taɓa doguwar robar allurar. Ta zaro ta ta riƙe da haƙora, ta sunkuya ta ɗaga kekenta, ta tura shi a guje tana bin gefensa, ba ta ma hau ba.

Ta iske shi ya juya gefe, idanunsa sun kumbura sun kusa rufewa, leɓunansa sun yi toka-toka. Kowane numfashi sai ya ja shi da dukkan ƙirjinsa. Sau ɗaya aka taɓa nuna mata yadda ake yi, shekarun baya, a kan teburin shagonta, tana yi tana dariya. Yanzu rubutun jikin robar ya zame mata kamar tururuwa. Ta cire shuɗin murfin da haƙori. Ta ɗora ɗaya bakin a gefen cinyarsa ta saman wando, ta danna, ba abin da ya faru. Hannun hagun ba shi da ƙarfi. Ta ɗora kumburarren hannun a kai, ta jingina da nauyin jikinta duka. Ta ji ƙas. Ta riƙe tana ƙirgawa a bayyane har goma, ko da yake ba ta tuna ko nawa aka ce ba.

Sai jira. Ta riƙe kansa tana kiran sunan da mahaifiyarsu take kiransa da shi yana yaro, wanda rabon da wani ya faɗe shi an fi shekara talatin. Sannu a hankali fiton ya ragu. Ƙirjinsa ya fara ɗagawa yadda ya kamata, jikinsa ya kama rawa. Ya buɗe ido ɗaya.

Ta san allurar ba magani ba ce, lokaci kawai take saya, kuma likita ya ce ba mai yawa ba. Ta ce masa za ta je bakin gada ta nemi sabis, kada ya tashi, ko zaune kada ya yi. Ya laluba aljihun wandonsa da ƙyar, ya ciro wani ƙaramin makulli ya tura mata a tafin hannu. Ta tambaye shi na mene ne, bakinsa ya motsa ba sauti. Ta jefa a aljihu ta hau keke.

Barinsa a kwance a kan hanya shi kaɗai ya fi mata rarrafen wuya. Ta waiwaya sau biyu, na ukun kwana ta ɓoye shi. Kilomita ɗaya da 'yan kai ne zuwa gada, da hannu ɗaya take riƙe da kan keken. Tana hango turken Neftun wayar ta yi ƙara a aljihu, saƙon talla ne ya shigo. Ta yar da keken ta buga ɗaya, ɗaya, tara, lambar kiran motar asibiti.

Wata mace ce ta ɗauka, muryarta a natse. Sumie ta faɗi abin da ya faru, matar ta tambayi inda suke.

"Ina Neftun," in ji Sumie. "Shi kuma yana gaba, kusa da kumbo."

Matar ta ce, "Mama, yi haƙuri, ki natsu. Ke ma an harbe ki? Kina jin jiri?"

Sai a lokacin Sumie ta gane cewa matar tana can babban birni, ba ta taɓa jin labarin hanyar nan ba, kuma ta ɗauka dafi ne ya taɓa mata kai. Ta nemi adireshi, wurin ba shi da adireshi. Ta ce ta duba ko akwai turken lantarki mai lamba, babu. Abin da na'urarsu ta nuna mata kuwa wani faffaɗan daji ne da tituna biyu, ɗaya a kowane gefen kogi, in motar ta bi wanda ba shi ba sai ta yi zagayen rabin sa'a. Sumie ta tsaya tana juye-juye, kanta ya kulle. Idonta ya sauka a kan wani guntun dakalin siminti da ciyawa ta cinye a gefen gada. Nan suke jiran jirgi ita da yayanta in sun je gidan kakarsu.

"Tsohuwar tashar Horinai," in ji ta. "Tsohon layin dogo, gadar ƙarfe ta Horinai."

Ta ji matar tana buga wani abu. Ta ce ta gani, mota ta taso, minti goma sha takwas. Ta tambaya ko mota za ta iya shiga hanyar. Sumie ta juya ta kalli turken da ke tsakiyar kwalta, da kwaɗo a gindinsa. Ta sa hannu a aljihu.

Kwaɗon ya yi tsatsa. Makullin ya shiga ya ƙi juyawa. Ta durƙusa ta tofa masa yawu, ta buga shi da dutse, ta naɗe kan makullin da bakin riga ta murɗa da hannu biyu har ta ji kamar fatar kumburarren hannun za ta tsage. Ya buɗe. Ta rungumi turken ta zare shi daga raminsa ta mirgina shi cikin ciyawa. Matar ta ce ta koma wajensa, ta ɗaga masa ƙafafu, in ya yi amai ta juya shi gefe, in numfashi ya tsaya ta danna ƙirji ba ƙaƙƙautawa.

Duk hanyar komawa tana shirya kanta ga abin da za ta tarar. Daga nesa ta hango shi bai motsa daga yadda ta bar shi ba, hannu ɗaya a miƙe a kan kwalta. Ta sauka tun keken bai tsaya ba. Yana numfashi. Ta ɗora ƙafafunsa a kan cinyarta ta zauna. Babu sauran abin yi, kuma wannan zaman shi ya fi komai tsawo. Zirnako ɗaya ya zo ya zagaya baƙar rigarta da ke yashe, ya sauka a kai, ya tafi. Ta kasa kunne ga maƙogwaron yayanta. Bayan kamar minti goma ta ji fiton yana dawowa, siriri da farko, sannan ya fito sarari. Ba wata allurar. Ta riƙa yi masa surutu, duk abin da ya zo bakinta: cewa bai ci shinkafar da ta dunƙula masa ba, cewa Chiharu za ta kashe ta, cewa in ya kuskura ya bar ta da wannan tulin ƙarafan za ta sayar wa masu gwangwan. Yatsunsa suka matse nata kaɗan, sannan suka saki.

Ba ta ji jiniya ba, sun kashe ta da suka shigo hanyar. Farar motar kawai ta gani ta ɓullo tsakanin itatuwa tana tafe a hankali, madubinta yana shafar rassa. Mutum uku suka diro. Ba su tsaya tambaya mai yawa ba. Suka sa masa abin numfashi, suka ɗauke shi, ɗaya ya kama Sumie ta gwiwar hannu ya ce ita ma ta shiga, wuyanta ya kumbura. Babu wurin juyawa, da baya direban ya fita har bakin gada. Tana zaune a lungu tana kallon bayan mutanen da suka duƙufa a kansa, tana jin suna kiran lambobi da ba ta gane ba.

Kwana huɗu ya yi a asibiti, na farkon da bututu a maƙogwaro. Ita an sallame ta da yamma, da hannu kamar burodi. Hukumar garin ta rufe hanyar daga gada, wasu mutane biyu cikin fararen kaya suka je suka kwashe sheƙar. Sun ce ta cika buhu biyu.

Chiharu ta iso a jirgi a rana ta biyu. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce ta samo masa ɗaki kusa da ita a Sendai. Tokuji ya rubuta mata a takarda, don murya ba ta dawo ba, cewa zai je ya yi hunturu, amma da bazara yana gida. A kan haka aka tsaya. Ranar da za su tafi Sumie ta kai su tashar mota da ƙunshin abinci. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya tsaya a gabanta ya sunkuya mata sosai, irin sunkuyon da ake yi wa baƙo mai girma, abin da bai taɓa yi mata ba tun da aka haife ta. Ta ce ya daina, mutane suna kallo, ya shiga mota kafin a cinye kujerun gaba.

Ta buɗe shago washegari. Ta yi mako biyu tana yanka albasa da hannun hagu, kuma har sanyi ya kama sosai, in firiji ya tashi da ƙuginsa tana tsakiyar aiki, sai ta tsaya cak da wuƙa a hannu har ta gane ba zirnako ba ne.